Babi na 7: Zaɓen girman taya a motar daji wadda ba a ɗaga ba

Toh jama'a wannan darasin na masu Hilux ne da Prado da Land Cruiser da sauran motocin da ke shiga ƙauye su keta yashi da laka, da direbobinsu, da yaran mota ma tunda gobe su ne iyayen gidan. Kusan kowa in ya samu irin motar nan abu na farko da ke zuwa mishi shine ya saka mata manyan tayoyi ta yi kwarjini, kuma ba laifi bane, sai dai motar da ba a ƙara mata tsayi a sifirin da shok ba, wato tana nan yadda kamfani ya fito da ita, ramin da taya ke juyawa a ciki yana da iyaka, in ka wuce iyakar nan kuɗinka ne zai ƙare a faci da gyaran madigadi.

Mu fara da karatu tukunna. Ku tashi ku duba gefen tayar kowace mota za ku ga rubutu kamar haka: 265/65 R17. Wannan girman shi ake yawan gani a Hilux na 2015 zuwa sama da kuma Prado. Lamba ta farko 265 faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu 65 ita ce ke rikita mutane don ba milimita bace, kaso ne cikin ɗari, tana nufin tsayin gefen taya daga bakin wili zuwa inda ke taka ƙasa kashi 65 ne cikin ɗari na wancan faɗin. R ɗin irin saƙar cikin tayar ce, kusan duk na yanzu haka suke, ku wuce ta. 17 kuma girman wili ne da inci, inci ɗaya milimita 25.4 ne. Kaga an haɗa awo iri uku a layi ɗaya, shi yasa ko wanda ya yi boko sosai sai ya zauna da biro.

Ku ɗauko littafi mu yi lissafin tare, a hankali, ba gasa muke ba. 265 sau 65 a raba da 100 ya ba mu 172. Gefen taya biyu ne, sama da ƙasa, don haka 172 sau 2, 344 kenan. Wili 17 sau 25.4 ya ba mu 432. A haɗa 344 da 432, an samu 776. Toh tsayin tayar kamfani daga ƙasa har sama milimita 776 ne, wajen inci 30 da rabi.

Yanzu mu hau mataki ɗaya, 265/70 R17. Faɗi bai canza ba, wili bai canza ba, gefen ne kawai ya ƙaru. 265 sau 70 a raba da 100, 185 da rabi, sau 2 ya zama 371, a ƙara 432, an samu 803. Bambancinta da ta kamfani milimita 27. Amma fa ku lura da kyau anan, motar ba za ta tashi da 27 ɗin duka ba, rabi kawai za ta samu, wajen milimita 13, don ɗaya rabin sama ya tafi, can cikin ramin madigadi inda dama wurin ya yi kaɗan. Duk abinda taya ta ba ka a ƙasa sai ta karɓi daidai shi a sama.

Sai wadda samari suka fi so, 285/70 R17. In kun yi lissafin za ku samu 831. Ta fi ta kamfani da milimita 55, motar ta tashi da wajen 27, kuma ta ƙara faɗi da milimita 20. A Hilux ɗin da ba a ɗaga ba wannan sananne ne tana goga, sai an yanke roba, wani lokacin har an taɓa ƙarfe, wasu ma sai sun canza wili. Ita kuwa 265/70 R17 galibi tana shiga, in ma ta taɓa to robar da ke tare laka ce a bayan tayar gaba, shi ma ya danganta da irin wilin da kamfanin da ya yi tayar. Ni dai a nawa ganin mataki ɗaya ya ishi mutum, wato ƙarin da bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba. Ta 803 ɗin nan ƙarin kashi 3 da ɗan wani abu ne, ta 831 kuma kashi 7 ne, ya yi yawa.

Wani zai ce toh saboda milimita 13 zan kashe kuɗi? Tambaya ce mai kyau. Amsar tana ƙarƙashin motar, ku leƙa za ku ga kumburin nan na tsakiyar aksil ɗin baya, shine ya fi kusa da ƙasa, shi ke karo da dutse da kututture da tudun da manyan motoci ke bari a tsakiyar hanya da damina. Ko an ɗaga mota jikinta ne ke tashi, wannan kumburin yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Don haka 13 ɗin nan ba banza bane, sai dai kuma ba zai mai da Hilux tarakta ba.

Abinda mutane ba su cika ganewa ba shine faɗi ya fi tsayi kawo matsala in an zo juya sitiyari. Tayar gaba ba a tsaye take ba, tana karkata dama da hagu kuma tana hawa tana sauka, in ta yi faɗi sai kusurwarta ta rinƙa shafar bayan ramin ko ƙarfen hannun da ke riƙe da ita ta sama. Ku dubi waɗannan biyun, 235/85 R16 tsayinta 806, 265/75 R16 tsayinta 804, kusan kansu ɗaya amma ta farko ta fi siranta da milimita 30. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ɗin nan da ake gani a hanyoyin hamada irin na Agadas zuwa Dirku, da yawansu da siririyar taya doguwa 7.50 R16 suke zuwa daga kamfani, kuma ba wanda zai ce ba sa cin yashi. Sirrin yashi rage iska ne, in aka rage sai tafin tayar ya miƙe ta gaba da baya ya kwanta kan rairayi, kuma taya mai dogon gefe ita ta fi jure haka. In an fito kwalta a maida iskar nan take, in ba haka ba tayar za ta ɗau zafi ta fashe.

Nan ne ma zan ce a yi hattara da son babban wili. 265/60 R18 tsayinta 775 ne, kusan ɗaya da 265/65 R17, ba ta ɗaga motar ko kaɗan ba, roba kawai aka rage aka ƙara ƙarfe, a gargada da duwatsu kuma robar ce ke kare wilin. Wanda ke son komawa ƙaramin wili shi ma sai ya tabbatar bai taɓa birki ba.

Wilin kansa yana da rubutu, yawanci ta ciki, kamar 17x7.5J da ET30. 7.5 faɗin wilin ne da inci, kowace taya tana da faɗin wilin da ya dace da ita. ET kuma yana nuna yadda wilin ya shige ciki ko ya fito waje, in lambar ta ragu tayar za ta turo waje, ta yi nesa da ƙarfen ciki amma ta matso bakin madigadi, ta rinƙa feshin laka a jikin mota, kuma boris ɗin wili ya rinƙa shan wahala. In kana da wilin kamfani ka riƙe abinka.

Kafin a biya kuɗi a yi gwaji, wannan shine zuciyar darasin. Ka ce wa mai tayar, Malam don Allah a ɗaura min guda biyu a gaba mu gani, in ba ta zauna ba a maida. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. In an ɗaura a sauke jak, a juya sitiyari har ƙarshe dama sannan hagu, mutum ɗaya ya tsuguna ya zura hannu tsakanin taya da roba ta gaba da ta baya, mota a kashe fa, da birkin hannu. In yatsu biyu ba sa shiga to da sauran magana. Sannan a tada mota a yi baya da sitiyari a ƙarshe, a yi gaba, a nemi ɗan tudu ko bakin kwalbati a hau da taya ɗaya don ta lotsa cikin raminta, ana saurare. Ƙarar gurrr ko shafar roba in an ji, shikenan ta goga. Kuma a yi gwajin da kaya, don motar da ke wayam a bakin shago daban take da wadda ta ɗauko buhunan masara da mutane a sama, balle tsohuwar mota da sifirin ɗinta ya riga ya kwanta, ita ramin nata ya ma fi na sabuwa ƙanƙanta.

Kar a dogara da lamba kaɗai, taya biyu masu rubutu iri ɗaya daga kamfani biyu ba lallai su zo daidai ba. Mai alamar M/T ta laka ce, haƙoranta manya har gefe, ita ta fi saurin goga kuma tana da ƙugi a kwalta. A/T ta tsaka-tsaki ce, ita ta fi dacewa da wanda ke bin kwalta da burji da hanyar gona duk a rana ɗaya. H/T ta cikin gari ce.

Babbar taya tana da haraji ko da ba ta goga ba. Allurar gudu za ta rinƙa rage gaskiya, da 265/70 R17 in ta nuna 100 ainihin gudun ya ƙaru da wajen 3, da 285/70 R17 kuma da wajen 7, haka ma lissafin kilomita zai rinƙa ja baya sai lokacin juyen baƙin mai ya wuce baka sani ba. Motar za ta yi nauyin tashi musamman a hawa da lodi, ta ƙara shan mai, birki ya ƙara aiki, kulochi ma haka.

Sai safaya, wadda kowa ke mantawa. A Hilux ƙarƙashin bodi take rataye, wurin a ƙayyade yake, a gwada ta shiga kafin a tafi. Kuma tayoyin su zama girma ɗaya duka har safayar, don in aka saka fowil, wato ƙafa huɗu na ja, taya ɗaya kuma na juyi daban da sauran, kayan giya ne ke ɗaukar wahalar, a Prado ma abin ya fi muni tunda ita kullum ƙafa huɗu ke ja. Wato lissafin kuɗi na taya biyar za a yi ba huɗu ba.

Bayan girman akwai wata lamba da harafi kamar 112S. 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, S kuma gudun da bai wuce kilomita 180 a awa ba. Kar a saka wadda lambarta ta gaza abinda kamfani ya rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, nan ne ma aka rubuta girman asali da yawan iska. Masu lodi su nemi mai alamar LT ko C, ta fi kauri. In ta hannu za a saya, irin wadda ake ce wa Beljiyam, a nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT, misali 2322 na nufin sati na 23 a shekarar 2022 aka yi ta, taya kan tsufa ta tsattsage ko zanenta bai suɗe ba.

Aikin gida. Wata mota ta zo da 245/70 R16, mai ita yana son saka 245/75 R16. Ku lissafa tsayin kowacce, ku tuna wili 16 sau 25.4 ne, ku faɗi milimita nawa motar za ta tashi, sannan ku ce ko ƙarin ya wuce kashi 4 cikin ɗari. Kowa kuma ya kwafo duk rubutun gefen tayar mota ɗaya a unguwarsu, har da lambobi huɗun nan na shekara, za mu karanta su a allo a zama na gaba.