Yadda za ka zaɓi na'urar tsaron gida ka kafa da hannunka a Akra

Da daminar bara kawuna da ke unguwar Madina a Akra ya kira ni ana idar da sallar asuba. An haura katangarsa ta baya, an kwance injin jan ruwa, an haɗa da tukunyar gas. Bai damu sosai ba, don yana da kyamara biyu da ya sayo wata uku kafin nan. Na je muka buɗe wayarsa muna ja baya. Hoton ya tsaya cak da ƙarfe ɗaya da minti goma na dare, bai dawo ba sai huɗu saura. Daidai lokacin da aka ɗauke wuta ke nan.

"Ɗana, ba ce mini aka yi wannan ido ne da ba ya barci ba?"

"Haka ne, Kawu. Sai dai idon da wuta yake gani."

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace na'ura ce ta fi, ba na fara masa da sunan kamfani ko kyan hoto. Tambaya biyu nake yi wa kowace na'ura: me take yi idan dumsor, wato ɗauke wuta, ya zo, kuma wa take tasa idan ta ga ɓarawo? Ga yadda nake bin abin daki-daki.

Fara da zaga gidanka

Kafin ka taɓa aljihu, fita bayan magariba ka zaga gidan da idon mai neman hanyar shiga. Ƙirga ƙofofin waje. Duba tagar kicin, da katangar da ta jingina da kwata, da bishiya ko tankin ruwan da za a iya takawa. A Nima da Mamobi, inda gidaje ke manne da juna, sau da yawa hanyar ta kan rufin maƙwabci ce ko ta lungun da ba fitila. A sababbin unguwanni irin su Oyibi da Amasaman kuwa, matsalar ita ce kangon gini da ciyawa da ke kewaye da kai, ga ba mai jin ihunka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In sakatarka ta saki, ko ƙarfen taga ya yi tsatsa, ko kwaɗon ƙofar irin wanda guduma ɗaya ke buɗewa ne, gyara su tukuna. Ƙara fitilar sola mai kamawa da motsi a lungun baya. Sannan ka rubuta a takarda wurare nawa ne suke buƙatar ido, nawa ne suke buƙatar ƙara. Yawancin gidaje ba su wuce wuri uku ko huɗu ba.

San irin kayan da ke kasuwa

Wadda ta fi yawa a shaguna ita ce ƙaramar kyamarar Wi-Fi mai katin ajiya, irin su Tapo da Ezviz da Imou. Ita ce mafi sauƙin kafawa: huda biyu a bango, jona wuta, haɗa da manhaja a waya, shi ke nan. Tana aiko da saƙo idan ta ga mutum, kana iya magana ta cikinta. Rauninta shi ne tana rataye da abu biyu, wuta da rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida. Yawancinsu kuma a kan zangon 2.4GHz suke aiki, bangon bulo biyu ko uku ya isa ya raunana siginar. Irinta ce a gidan kawu.

Sai saiti mai waya, wato kyamara huɗu ko takwas da akwatin naɗi, wanda masu shago ke kira DVR ko NVR. Hikvision da Dahua ne suka cika kasuwarsa. Wannan yana naɗa dare da rana ko babu intanet, ba ruwansa da sigina. In za ka kafa da kanka, nemi NVR mai PoE, domin waya ɗaya ce ke kai wa kyamara wuta ta kuma dawo da hoto, har tsawon mita 100. Na DVR ya fi araha amma kowace kyamara sai ka kai mata wayar hoto da ta wuta. Aikin yini guda ne a kan tsani, kuma akwatin na da nasa haɗarin: ɓarawon da ya san kan abin shi yake fara ɗauka. Kar ka ajiye shi ƙarƙashin talabijin a falo.

Na uku kyamarar sola ce mai layin waya a cikinta. Ga wanda yake gini a Kasoa ko Pokuase, siminti da rodi suna kwana a fili, babu kamarta, don ba ta neman mita ba ta neman rauta. Amma don ta adana batir barci take yi sai motsi ya tashe ta, wani lokaci kafin ta farka mutumin ya ba ta ƙeya. Kafin ka saya, je filin da wayarka ka ga layin da ya fi kama 4G a wurin, MTN ne ko Telecel. Layin kuma sai an yi masa rajista da Ghana Card kamar kowane layi.

Na huɗu shi ne wanda mutane suka fi rainawa, ni kuma shi na fi so: ƙararrawa mai layin waya. Ba ta da hoto sam. Ƙaramin allo ne da ake sa wa sim, da maganaɗisun da ake mannawa a ƙofa da taga, da na'urar jin ɗumin jikin mai motsi, da jiniya. Aka buɗe ƙofa jiniya ta ɗauka, allon ya kira lambobin da ka ba shi ɗaya bayan ɗaya, ya aika saƙo. Yana da batirinsa a ciki, na'urorin ƙofa ma da batir suke aiki, don haka ɗauke wuta bai dame shi nan take ba. Ba ya cin data, kuɗin kira kawai. Kyamara ita kaɗai sau da yawa ihu ne bayan hari, ka tashi da safe ka kalli yadda aka yi maka. Jiniya kuwa tun mutumin yana bakin taga take tashin unguwa. In za ka saya, zaɓi mai 4G, don da yawa daga cikin masu arahar 2G kaɗai suka sani.

Wata kalma game da kayan da 'yan uwa ke aikowa daga Bronx ko Landan. Ring da SimpliSafe kaya ne masu kyau, amma ƙarfinsu yana cikin hidimar wata-wata, inda ma'aikatan kamfani ke kiran 'yan sanda idan ƙararrawa ta tashi. An tsara wannan don ƙasashe irin su Amurka da Ingila, ba wanda zai kira maka ofishin 'yan sandan Nima daga can. Kyamarar Ring ma ba ta ajiye maka bidiyo sai kana biyan kuɗin wata, da kuɗin waje. Sannan wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Karanta jikin cajar: in an rubuta 100–240V, jona da adafta, in 120V kaɗai ka gani, kar ka kusanta ta da soket.

In ka tambaye ni, mai gida mai matsakaicin hali ya fara da ƙararrawa, ya ƙara kyamara ɗaya ko biyu a ƙofar gida da bayan gida. Mai babban gida ko shago a haɗe ya ɗauki saiti mai waya, amma shi ma kar ya bar jiniya.

Yi lissafi kafin ciniki

A nan ake faɗuwa. Ɗauki ajiya: kyamarar 1080p da ke naɗi a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 22 a kwana. Katin 64GB ba zai kai kwana uku cikakku ba sabo zai fara hawa kan tsoho. Kyamara huɗu a faifan 1TB, kwana 11 ne da ɗoriya. In kai mai tafiye-tafiye ne, ka je Tamale ko Kumasi ka yi sati biyu, to ko ka ƙara faifai ko ka saita ta naɗi sai in ta ga motsi. Wannan lissafin ne kuma na data: kallon awa ɗaya daga nesa a cikakken hoto ya kusa gigabait ɗaya, don haka rage ingancin hoton a manhaja in leƙe kawai kake yi.

Sai wuta. Ƙaramin UPS na kwamfuta, wato akwatin da ke riƙe wuta in an ɗauke, yawanci batirin 12V 7Ah ne a cikinsa, wat 84 na awa ɗaya ke nan a takarda. Akwatin naɗi da kyamara huɗu da dare suna jan wat 30 zuwa 40. Raba ka gani: da ƙyar awa biyu. Wanda ya ga dumsor na 2015 ya san awa biyu ba komai ba ce. Rauta da kyamara guda kuwa, da ba su wuce wat 15 ba, ƙaramin batirin rauta zai riƙe su awoyi. In kana da inbata a gida, ɗora kayan tsaron a kan layinta. Sa kuɗin batir da na na'urar kare hawan wuta a cikin kasafin tun farko, domin tsawar damina da dawowar wuta da ƙarfi sun kashe kaya da yawa.

A kasuwa

Zongo Lane da kewayen Circle ba abin da ba za ka samu ba, mai kyau da na jabu a kanta ɗaya. Sa a jona maka kayan a gabanka, a haɗa da wayarka kai, a rufe kyamarar da kwali ka ga hoton dare. Ta waje ta zama mai lambar IP65 ko IP66, alamar tana jure ruwa da ƙura. Katin ajiya shi aka fi yi wa jabu. Na taɓa sayen wanda aka rubuta wa 128GB a wani shago, kwana biyu ya fara cinye bidiyo. Nemi irin wanda aka yi don naɗi ba tsayawa, ka karɓi rasit. In a intanet ka gani, kar ka tura kuɗi ta MoMo sai kaya sun zo hannunka.

Kafawa

Ɗora kyamara tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku. Ƙasa da haka hannu zai kai, sama da haka hula za ka riƙa ɗauka ba fuska ba. Kar ta fuskanci fitila ko fitowar rana, kar kuma ka sa ta bayan gilashin taga, don hasken darenta zai dawo mata ta makance. Bi da waya ta cikin bututun roba, ka bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwan sama ya ɗiga a waje. Na'urar jin motsi ta zauna a kusurwar ɗaki, nesa da taga mai rana da zafin murhu. Jiniyar waje can sama. Duk abin da ya kai ga buɗe allon wutar gida ko wayar katanga mai lantarki, bar wa mai gyaran wuta mai lasisin Hukumar Makamashi.

In gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, tsaya ka yi shawara da mai gida da sauran 'yan haya. Tsakar gida wurin mata ne, nan ake wanki da girki da kitso, ba kowa ke da mayafi a ka ba. Kyamara ta kalli ƙofar shiga da ƙofar ɗakinka, kar ta leƙa hanyar banɗaki ko tagar wani. Allah Ya hana binciken asirin mutane a Suratul Hujurat, ƙasa ma tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2012. Na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan kyamarar da aka juya ba daidai ba.

Kana gamawa ka canja kalmar sirrin da kayan suka zo da ita. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗi a duniya ta hanyar gwada kalmomin da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta. In wani yaro ya taya ka haɗawa, asusun ya zama da lambarka da imel ɗinka, ba nasa ba.

Gwaji, da wanda zai amsa

Zaɓi dare ɗaya, ka sanar da maƙwabta, ka kashe babban makunnin wutar gida. Sa ƙaninka ya shigo ta ƙofar baya. Jiniya ta yi? Waya ta kira? Hoton ya nuna fuska? Bar wutar a kashe ka ga awa nawa kowane abu zai yi kafin ya mutu. Abin da ka gani a daren nan shi ne ainihin abin da ka saya.

Lambobin da za ka sa wa allon su zama na mutanen da za su iya isowa cikin minti biyar: kai, uwargida, maƙwabcin da kuka saba, da shugaban masu gadin unguwa in kuna da su. Ɗan'uwa a Jamus ba abin da zai yi sai addu'a. Ajiye 191 da 18555 na 'yan sanda da 112 na gaggawa a wayar kowa a gidan, ka rubuta adireshin GhanaPost GPS na gidan a jikin bango kusa da ƙofa, don a cikin firgici mutum kan manta kwatancen gidansa. In ƙara ta tashi kar ka fita kai kaɗai da sanda. In kuma ka samu fuska a bidiyo, kai wa 'yan sanda. Kar ka watsa a zauren WhatsApp na unguwa, hoton dare yana kama da mutum goma, kuma mun san abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka nuna.

Bayan nan sai kulawa. Da hunturu goge gilashin duk sati, ƙura na mayar da hoto hazo. Gizo-gizo na son saƙa a bakin kyamara, da dare zarensa ɗaya kan haska kamar igiya ya cika maka waya da saƙon ƙarya. Duba batiran maganaɗisu duk bayan 'yan watanni, ka riƙa sa wa layin ƙararrawa kuɗi don kar a rufe shi. Kawu yanzu yana da ƙararrawa da batir a rautarsa. Sau ɗaya jiniyar ta tashi Madina da tsakar dare, ana saura kwana biyu babbar sallah, maƙwabta uku suka fito da tocila. Ragon layya ne ya tsinke igiya ya shiga baranda. Washegari muka ɗaga na'urar jin motsin sama, muka juyar da ita daga turken.