Yadda nake ajiye tsofaffin sulallan da na gada

Ranar da aka raba kayan ɗakin kakarmu a Zariya, babu wanda ya kalli gwangwanin madarar da ke ƙasan adakarta, sai na ɗauke shi. Ciki akwai anini da dari da kwabo masu huji a tsakiya, da taro da sisi da sule, da kuma kwabon Najeriya na 1973, shekarar da aka bar fam aka koma naira. Wanda na fi so shi ne wani anini na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba.

Abu na farko, kada ka wanke su. Ni na yi wannan wautar. Na ɗauki kwabo uku na goge da lemon tsami da toka kamar ana wankin tasa, suka yi ƙyalli, na ji daɗi. Da na nuna wa wani dattijo mai sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi, sai ya juya ɗaya ya ce, "Yaro, ai ka fere masa fuska." Duhun nan da tagulla ke yi idan ta kwana biyu shi ne rigarta, shi ke kare ƙarfen, kuma masu saye shi suke nema. Tsami yana cinye shi, toka kuma tana barin ƙananan zane da ba sa fita har abada. Idan ƙasa ce ta manne, tsoma sulen a tataccen ruwa irin na batir wanda ba a sa masa asid ba, ka ɗora shi kan tsumma mai taushi ya bushe sarai. Ban da gogewa.

Idan za ka ɗauka, kama shi ta gefe. Gumin yatsa akwai gishiri da maiƙo, shatinsa kan fito a fuskar sule bayan watanni.

Sai rabawa. A gwangwani ɗaya suna gugar juna, kuma ƙarfe biyu daban idan suka haɗu da laima ɗaya yana cin ɗaya. Kowane sule ya sami ɗakinsa: ko ƙaramar ambulan ta takarda marar asid, ko kwalin nan mai tagar leda da ake ninkewa, ko ɗan gidan roba mai tauri. Abin da za ka guda shi ne leda mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki, wato PVC. Cikin zafin garuruwanmu takan yi gumi, ta bar wani kore mai danƙo a kan sule. Kada ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, kada kuma ka naɗe a jarida. Robar tana baƙanta azurfa, jaridar kuma tsami gare ta. Idan ka manne kwalin da istefula, danne bakin wayar da filaya don kada ta karce na kusa da shi.

Babban abokin gaba dai laima ne. Da hunturu ba ni da damuwa in ban da ƙura, amma daga Yuli zuwa Satumba komai na ɗaki yana shan danshi. Ina zuba ambulan ɗin a akwatin roba mai murfin da ke toshe iska, in jefa ƙullin siliki jel, 'yan ƙwayoyin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Na takalmin sun riga sun ƙoshi da ruwa, gara ka sayi sababbi masu canza launi idan sun jiƙa, ka riƙa gasa su da wuta kaɗan suna dawowa. Akwatin yana saman kabad, nesa da bangon da ke tsatsafo, nesa da kicin da hayaƙin turaren wuta.

Ina buɗewa sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan kaka. Abin da nake nema shi ne kore mai haske kamar gari a jikin na tagulla. Wannan cuta ce, gishiri da laima ke kawo ta, kuma tana rarake ƙarfen. Wanda ya kamu na ware shi nan take a wuri busasshe.

A bayan kowace ambulan nakan rubuta da fensir: suna, shekara, da inda na samo shi. Haka ma a wani littafi daban, kuma na ɗauki hoton gaba da baya a waya. Littafin ba ya kwana wuri ɗaya da akwatin, ko don ɓarawo ko gobara. Na kuma nuna wa babbar 'yata inda suke, na karanta mata rubutun Larabcin da ke jikin aninin, don kada wata rana a auna su a kilo a ba ɗan gwangwan.