Yadda Ake Gane Matsalar Injekta A Tsohon Babur Da Wanke Ta

Yawancin baburanmu irin su Boxer da Jincheng kafireta ne, shi ya sa in mai injekta (na'urar da ke fesa wa inji mai a madadin kafireta) ya fara shaƙewa in an ba shi wuta, ko silo ya ƙi zama, ko salansa na warin ɗanyen mai, sai bakanike ya ce a cire a maida shi kafireta. Kar ka yarda tukuna.

Da farko ka duba batir da fulogi, don injekta ba ta aiki daidai da mataccen batir. Sannan ka murɗa ki ba tare da ka tada ba, ka kasa kunne wajen tanki, ya kamata ka ji famfon mai ya yi ziii kamar sakan 2 ya tsaya. In shiru ne to fiyus ne ko famfon, ba ruwan injekta.

In Honda ne mai PGM-FI, wato tsarin injektar Honda, kalli fitilar injin da ke kan mita, doguwar ƙiftawa goma ce gajera ɗaya, in ta yi doguwa ɗaya da gajeru biyu wato 12 kenan, layin injekta take nuna maka. Zare soket ɗinta ka auna injektar da mitar awon lantarki a wajen awon om, galibi tsakanin om 10 zuwa 16 ake samu, in mitar ba ta motsa ba koyil ɗin ciki ya tsinke kuma wanki ba zai gyara shi ba sai dai sabuwa.

In awon ya yi daidai datti ne, kuma mafi yawa daga man 'yan bumburutu yake ko tsatsar tanki. Bari inji ya huce, ka naɗe tiyon mai da tsumma kafin ka zare don akwai matsi a ciki zai watso maka a ido, kuma nesa da mai shan sigari don Allah. Kwance injektar, haɗa bakinta na sama da gwangwanin feshin wanke kafireta, kana fesawa kana taɓa wayoyinta da ƙaramin batir mai bolt 9, taɓa ka saki taɓa ka saki, kar ka riƙe. Abin da kake nema feshi ne kamar hazo, in tsiyaya take ko tana ɗiga bayan ka saki, sake wankewa.

Allura ko waya kam kada ta kusanci ramukan, faɗaɗa su za ka yi babur ya koma zuƙar mai. Sa sabbin robobin zobe ka ɗan shafa masu baƙin mai kafin ka mayar, ka canza filtar mai, in ba haka ba dattin nan zai dawo.