Yadda nake ƙulla kwantiragin 'yan wasa a Out of the Park Baseball

Duk wanda ya saba da Football Manager, in ya buɗe Out of the Park Baseball, wasan kwamfuta na tafiyar da ƙungiyar besbol, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne babu zancen kuɗin sayen ɗan wasa. A besbol ɗin Amurka musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, kuma kwantiragi na bin mai shi zuwa sabuwar ƙungiya. Wasan kwamfutar, wanda Bajamushe Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, ya kwaso dokokin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, kusan yadda suke. Shi ya sa kafin ka dubi albashin kowa, fara duba kwanakin aikinsa.

Kwana 172 a cikin jerin babbar ƙungiya shi ne shekara guda. A shekara uku na farko kai ke da wuƙa da nama: kana iya biyan yaro mafi ƙarancin albashi, dala dubu 760 a 2025, ko da ya fi kowa iya wasa. Daga shekara uku zuwa shida sai a je gaban masu sasanci, ka faɗi naka farashin, ya faɗi nasa, su ɗauki ɗaya, ba sa raba tsakani. Wasu kan samu wannan dama tun kafin su cika uku, wato kashi 22 cikin ɗari mafiya yawan kwanaki a cikin masu shekara biyu. Da ya cika shida, ya zama mai cin gashin kansa, kowace ƙungiya na iya taya shi.

Akwai dabarar jinkirta ɗaukar yaro. Chicago Cubs sun yi wa Kris Bryant haka a 2015: suka bar shi a ƙaramar gasa har tsakiyar Afrilu, ya ƙare kakar da kwana 171, saura ɗaya tak, suka ci ribar shekara guda. Tana aiki a cikin wasan, amma ni ba na son ta. In yaro ya nuna, ɗauko shi.

Abin da na fi yarda da shi shi ne ɗaure matashi da wuri. Tampa Bay ta ba Evan Longoria shekara shida a kan dala miliyan 17.5 a Afrilun 2008, bai ko cika mako a babbar gasa ba. Kai ma yi haka: tun yana shekara ta ɗaya ko ta biyu, yi masa tayin da zai haɗiye shekarun sasanci da ɗaya ko biyu na 'yancinsa, ka sa sharaɗin cewa shekarar ƙarshe ƙungiya ce ke da zaɓi. Shi ya samu kwanciyar hankali, kai ka samu sauƙin farashi.

Wanda ya haura talatin kuwa, yi hattara. Kwantiragin babbar gasa lamuntacce ne, ko ka sallami mutum sai ka biya shi cif. Los Angeles Angels sun ba Albert Pujols shekara goma a kan dala miliyan 240 a ƙarshen 2011, suka sallame shi a Mayun 2021 suna ci gaba da biya. Ni ba na wuce shekara uku ga irin waɗannan, gara in ƙara kuɗin shekara in rage tsawon. Kuma kada ka yi saurin amincewa da sharaɗin hana musaya, don ranar da ƙarfinsa ya ragu ba ka da inda za ka kai shi.

Sai jerin mutum 40, wato 'yan wasan da ƙungiya ta yi wa rajista, waɗanda daga cikinsu take zaɓen masu buga mata babbar gasa. Wanda ke cikinsa, a kaka uku kawai za ka iya mayar da shi ƙaramar gasa kai tsaye. In sun ƙare, dole ka fara baje shi ga sauran ƙungiyoyi, kuma wata na iya ɗauke shi ba ta ba ka ɗan wasa ko ɗaya ba. Duba wannan tun lokacin atisayen share fage, kafin ka zaɓi mutum 26 da za su buɗe kaka.