In ka bugi motar wani ko shagonshi, ga yadda za ka yi da asiransi

Jama'a da yawa a Damagaram muna biyan asiransi ne kawai don kar ɗan sanda ya tare mu, ba mu san amfanin takardar ba. Wannan ta dole ɗin da dokar CIMA, wato dokar asiransi ta wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta ɗora ma kowane mai mota, ita ke biyan ɓarnar da ka yi ma wani, motarshi ko babur ko bangon gida, amma taka motar kai za ka gyara abinka, nan ne mutane ke shan mamaki.

To a ce wajen kasuwar Dole ka ja baya ka murƙushe ma wani ƙofar mota. Kar ka gusa da motar, ka ɗauki hoto da waya, lambar motoci biyun da wurin da ya lotse, a kira 'yan sanda su yi konsta, wato takardar bayanin yadda hatsarin ya faru, in a daji ne jandarma. Kuma don Allah bar saurin cewa Alhaji yi haƙuri zan biya, sai ka ga an kawo maka lissafin garaji har da fitilar da ta mutu tun bara.

Cikin kwana 5 ka kai ma kamfanin asiransinka rahoto, da permi da kartigiris da takardar asiransin. Duba kwanan watanta tun yau, in ta ƙare ko da jiya ne daga aljihunka za a biya.