Darasi: Zuba Takin Naitirojin da Fotash a Gonar da Ba a Huɗa

A noman da ba a huɗa, karan bara da ganyensa suna nan kwance, a tsakaninsu ake shuka. Wannan shimfiɗa tana riƙe laima, tana hana ruwa kwashe ƙasa. Sai dai a da garma ce ke juya taki ya shige ƙasa. Tunda an ajiye ta, manomi ne zai kai takin ƙarƙashin karan da hannunsa.

Abin da ke cikin buhu

Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Idan gwajin ƙasa ya nuna hekta ɗaya na buƙatar kilo 90, buhu 4 ke nan. Takin fotash da ake rubuta wa MOP kashi 60 ne, buhunsa kilo 30. Shi kuwa NPK 15-15-15, kilo 7 da rabi kawai buhunsa yake bayarwa na kowane sinadari (naitirojin, fosfaras da fotash), don haka da wuya ya ishi masara shi kaɗai.

Inda naitirojin ke salwanta

Babban kuskure shi ne watsa yuriya a kan kara. Da ta ji raɓa sai ta narke a jikin karan, ta koma iska mai wari, ta tashi. Rana mai zafi da iska suna ƙara wannan asara, kuma ido ba ya ganinta. Sai bayan mako biyu a ga shuka ba ta sauya launi ba, a ɗora wa taki laifi.

Akwai kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da kara. Karan masara, dawa da alkama ba su da naitirojin sosai, don haka halittun nan sukan ja na cikin ƙasa su riƙe, sai kara ya ruɓe su sake shi. Shi ya sa a shekarun farko na barin huɗa shuka kan taso ɗorawa-ɗorawa. A wannan lokaci ƙarin taki kaɗan wajen shuka yana da amfani. Gonar da aka cire wake ko waken soya ba ta cika shiga wannan matsala ba.

Ga yadda za ka yi. Raba takin naitirojin: kashi ɗaya cikin uku ranar shuka, ragowar idan masara ta kai gwiwa, mako 4 zuwa 6 bayan shuka. Ture kara gefe, ka yi rami santimita 5 daga iri, zurfinsa ya wuce na irin da santimita 5, kimanin faɗin yatsu uku. Zuba, rufe, ka mayar da karan. A zubi na biyu ka matsa kamar tafin hannu daga gindin shuka. Kada taki ya taɓa iri, yana ƙona tsiro. Idan watsawa ta zama dole, to a yi ta daf da saukar ruwa mai ƙarfi, kamar milimita 12. Yayyafi ya fi ɓarna, domin narkar da takin yake bai nutsar da shi ba. Kada kuma a zuba inda ruwa ya kwanta.

Alamar ƙarancin naitirojin: tsohon ganye na ƙasa yana yin ɗorawa daga tsini, ya bi ta tsakiyar ganyen.

Fotash

Shi ba ya tashi sama, amma ba ya tafiya nesa cikin ƙasa. Idan ana watsa shi shekara da shekaru, sai ya taru a 'yan santimitocin sama. Da fari ya shigo saman ya bushe, saiwa ba ta iya shansa ko yana nan jingim. Don haka a binne shi tare da takin farko, gaba ɗaya, sai dai a jigawa inda ruwa ke wanke shi, nan a raba biyu.

Ƙarancinsa yana fara ƙona gefen tsohon ganye, tsakiyar na nan kore. Kara ya yi rauni, iska ta kwantar da shi, ƙwaya ba ta cika ba.

Mafi yawan fotash ɗin da hatsi ya sha a kara yake zama, ruwa ne ke wanke shi ya koma ƙasa. Wanda ya kwashe kara daga gona sai ya ƙara fotash a shekara mai zuwa. Wajen gwaji, ɗebi ƙasar sama ta santimita 5 daban, ta ƙarƙashinta zuwa santimita 20 daban. Haka za a gane inda fotash ya tsaya, da kuma ko yuriya ta sa saman ƙasa tsami har yana buƙatar farar ƙasa.