Yadda Ake Komawa Kyamarar Ful-firem da Zaɓar Mata Gilashi

Ful-firem suna ne na girman sensa, wato ɗan farantin nan na cikin kyamara da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Faɗinsa milimita 36, tsayinsa 24, daidai da awon hoto ɗaya a fim ɗin 35mm da kamfanin Leica ya yaɗa tun 1925. Kyamarorin da aka fi fara koyo da su kuwa masu ƙaramar sensa ne da ake kira APS-C, sensarsu wajen milimita 23.5 da 15.6, ta Canon ma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. In aka auna fili, ful-firem ta ninka ta biyu har da ɗoriya. Daga nan ribar take fitowa: hoto mai tsabta inda haske ya yi ƙaranci, da bango mai narkewa a bayan mutum.

Mai shirin sauyawa, gangar kyamara, wato jikinta ba tare da gilashi ba, ita ce ke tsaya masa a rai. Alhali gilashin da za a ɗaura mata shi ke cin yawancin kuɗin, shi ke nauyi a wuya, shi ne kuma zai rage a hannunka bayan ka canza ganga biyu ko uku. Shi ya sa na tura sayen gangar can kusa da ƙarshe.

1. Fara da hotunanka na baya

Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF: milimitar gilashi (ƙaramar lamba faɗi take kamawa, babba kuma tana jawo nesa), buɗin ƙofar haske, saurin shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) da ISO (lambar da ake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci). Ware hotunan bara waɗanda kake alfahari da su kaɗai, ka duba milimitarsu. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom na iya tace maka su gaba ɗaya, ko ka buɗe bayanan kowane hoto a kwamfuta. Mai zum 18-55, wato gilashin da ake juyawa daga milimita 18 zuwa 55, sau da yawa zai tarar hotunansa sun taru a baki ɗaya. In kullum kana kan 18, idonka faɗi yake nema. In kana kan 55, nisa yake nema.

Duba ISO ɗin ma. Wanda ke yawan kaiwa 3200 ko 6400 a ɗakin taro ko da dare, ɗigo-ɗigo na ɓata masa fuskoki, shi ne ful-firem za ta share wa hawaye. Wanda aikinsa da rana ne a ISO 100, gaskiya gilashi mai kyau a kan kyamararsa ta yanzu zai fi yi masa amfani.

2. Yi lissafin milimita

A nan mutane suka fi shan mamaki, don haka bari in tsaya sosai. Gilashi ba ya canza milimitarsa, amma ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take kamawa. Don sanin gilashin da zai ba ka abin da ka saba gani, ninka milimitar da 1.5 in kyamararka Nikon ce ko Sony ko Fujifilm, da 1.6 in Canon ce, da 2 in Micro Four Thirds ce, mai sensar da ta fi APS-C ƙanƙanta. Ke nan 35 ɗinka ya koma wajen 52, shi kuma 50 ya koma 75 ko 80, zum 18-55 ya koma kamar 27-82.

Ɗauki 50mm ɗin da kake hoton fuska da shi. Ka ɗaura shi a ful-firem, ka tsaya inda ka saba tsayawa. A da, kai da kafaɗa kake samu, yanzu sai ga mutum har ƙugu, ga ƙofa ta leƙo ta gefe, ga wayar lantarki a bango. Abin da zuciya za ta ce maka shi ne ka matsa kusa. Kana matsawa hanci zai fito gaba, kunnuwa su ja baya, fuskar ta sauya kama. Maganinsa 85mm, wanda zai bar ka a tazararka ta da.

Asarar tana ɓangaren nesa. Gilashin 70-300 da ke kai ka kamar 450, yanzu 300 ɗinsa zai tsaya. Mai hoton tsuntsaye ko wasan ƙwallo sai ya nemi irin su 150-600, mai nauyin wajen kilo biyu, kafin ya maido abin da ya rasa.

Lissafin nan ya shafi narkewar bango ma, wadda lambar f ke nunawa: ƙaramar lamba na nufin ƙofar haske ta buɗe sosai, bango ya ƙara narkewa. Abin da f/2.8 ke ba ka a APS-C, kusan shi f/4 ke bayarwa a ful-firem. Wannan albishir ne, domin zum mai f/4 ya fi arha da sauƙin ɗauka. Sai dai akwai tarko: 85mm a f/1.8 daga kusa, ido zai fita tsaf, kunne ya dusashe. In mutane sun yi sahu biyu, rufe ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya za su tafi a banza.

3. Karanta harufan da ke jikin gilasanka

Ba kowane gilashi ne ke iya rufe babbar sensa ba. Na ƙaramar sensa su ne EF-S da RF-S da EF-M a Canon, DX a Nikon, E marar alamar FE a Sony, DC a Sigma, Di II da Di III-A a Tamron, kamfanoni biyu masu ƙera wa kyamarorin wasu gilasai. Na ful-firem kuwa EF da RF, da FE, da DG na Sigma, da na Nikon da ba a rubuta musu DX ba.

In ka ɗaura na ƙaramar sensa, ko dai kusurwoyin hoton su yi baƙi, ko kyamarar ta yanke tsakiya da kanta. Yankan yana da tsada: megafiksel 24 zai koma wajen 10, shi kuma 45 ya koma wajen 20. A lallaɓa da shi na ɗan lokaci ba laifi, amma ba don haka aka sayi ful-firem ba. EF-S ba ya shiga kyamarorin ful-firem na Canon irin su 5D da 6D sam, kada ka tilasta shi. Mai Fujifilm kuma ya sani kamfanin ba ya yin ful-firem, don haka komai zai sake.

4. Zaɓi baki

Bakin kyamara, wato zoben da gilashi ke shiga, shi ne ainihin abin da kake ɗaure kanka da shi. Sony ta fito da A7 marar madubi, wato wadda ba ta da madubin ciki mai tura hoto zuwa ido, a 2013 da bakin E. Canon da Nikon suka biyo a 2018 da RF da Z, a shekarar ce kuma Leica da Panasonic da Sigma suka haɗu a kan bakin L. Masu madubi na da, tun daga Canon 5D ta 2005 da Nikon D3 ta 2007, sun bar tarin ganguna da gilasai na hannu masu kyau, sai dai yawancin sababbin gilasai yanzu na marasa madubi ake ƙerawa.

In kana da gilasan EF, adaftar Canon na ɗaura su a kan RF su yi aiki lafiya. Ta Nikon sunanta FTZ, amma tsofaffin gilasanta na AF-D ba sa saita fokas da kansu a kanta, sai da hannu. Wanda ba shi da gilashin da zai riƙe shi, ya duba inda Sigma da Tamron suka fi zuba kaya, domin su ke sauƙaƙa farashi. A wannan fanni bakin E ya yi gaba. Canon sai a 2024 ta buɗe musu RF, kuma da na APS-C suka fara.

5. Gilashin farko da na biyu

Shawarata ga yawancin mutane: zum ɗaya mai f/4, da gilashi ɗaya marar zum mai f/1.8. Zum ɗin shi ne 24-105 a Canon da Sony, ko 24-120 a Nikon. Zai kama ɗaki gaba ɗaya, ya kuma kama fuska ba tare da an cire shi ba. Marar zum ɗin kuwa, EXIF ɗinka ya riga ya faɗa maka: 35 in mutum da muhallinsa kake so, 85 in fuska ce, 50 in kana tsakani. Wasu 50mm f/1.8 ba su kai giram 200 ba, kuma hasken da suke shigarwa ya ninka na f/4 kusan sau biyar. Ranar da rana ta faɗi ana tsakiyar aiki za ka san darajarsa.

Shi 24-70 f/2.8 gilashin masu aikin taro ne, kuma ya cancanci sunansa, amma yana da tsada, nauyinsa kuma wajen giram 700 zuwa 900 ne ko fiye. Tamron 28-75 f/2.8 ya fi sauƙi, sai dai kada ka raina tazarar 24 da 28. A takarda milimita huɗu ne, a ƙaramin ɗaki kuwa ita ce bambancin shigar mutanen gefe da yanke musu kafaɗa.

Su 70-200 da 16-35, bar su tukuna sai ka yi wata biyu ko uku kana jin rashinsu. In ka sayi 16-35, kada ka sa mutum a gefen hoto, zai miƙe ya yi faɗi.

6. Sai gangar

Megafiksel 24 ya ishi yawancin aiki har da bugawa babba. Masu 45 zuwa 61 suna cika kati da kwamfuta, suna kuma tona asirin gilashi mai rauni da hannu mai rawa. Abin da ya fi dacewa ka duba: tana da abin hana girgiza a cikinta, tana bin ido da fokas, tana da gurbin kati biyu in aikin kuɗi kake yi. Ka kuma riƙe ta da gilashin a ɗaure, ka ji yadda ta zauna a hannu.

7. Gwada kafin ka biya, ka lissafa ƙananan kaya

Gilashi na hannu, cire murafunsa biyu ka haska tocila ta ciki. Ƙura kaɗan ba komai ba ce, amma zare-zare kamar yanar gizo fumfuna ce, bar shi. Duba ganyayyakin ƙofar haske, kada ka ga maiƙo a kansu. Sannan manna jarida a bango, ka tsaya saitinta sosai, ka ɗauka da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, ka kwatanta kusurwoyi huɗun. In ɗaya ta fi sauran dusashewa ƙwarai, gilashin ya taɓa faɗuwa ko ya karkace a ciki.

Filtocinka da ake ɗaurawa a gaban gilashi, na milimita 52 ko 58, ba za su shiga manyan zum masu faɗin gaba 77 ko 82 ba. Wasu gangunan wani nau'in katin ajiya mai suna CFexpress suke ci, ga batir na biyu, ga jaka. Tsohuwar kyamarar kuma kada ka yi saurin sayar da ita in bakinsu ɗaya da sabuwar. Gilasan ful-firem suna shiga ta, kuma duk ranar da ka ɗaura mata 70-200 za ta kai ka kamar 300 ba tare da ka ƙara sayen komai ba.